TSAKUWAR ƘODA: A RUBUTA MANA ABIN DA MUKA BIYA

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu na Wurno da Rabah da Goronyo, babu ɗayanmu da zai karɓi taki a hannun ɗan kasuwa idan buhun ba shi da rubutu. Mukan duba mu ga ko yuriya ne ko kamfa. Mukan karanta lambobin nan uku da ke jikin buhu, 15-15-15 ko 20-10-10, in kuwa zuciyarmu ba ta kwanta ba sai mu ce a ɗora a sikeli. Amma mutumin nan da ba a iya cutarsa da mudu ɗaya na shinkafa a kasuwar Acida, shi ne zai sayar da bijiminsa ya kai kuɗin asibiti, a miƙo masa 'yar takarda mai kalma ɗaya tak, "tiyata", da jimlar kuɗi a ƙasa, ya naɗe ya sa a aljihu, ya yi godiya ya tafi.

Ra'ayina shi ne wannan bai kamata ba, kuma ƙungiyoyinmu suna da ikon gyara shi. Duk wanda ya biya kuɗin magani ya cancanci takardar da ta faɗi sunan cutar, da sunan aikin da aka yi masa, da lambar kowanne, da kuɗin kowanne a gefensa. Na zaɓi tsakuwar ƙoda in yi misali da ita domin cuta ce ta ƙasar zafi irin tamu, domin kuma hanyoyin maganinta suna da yawa, kuɗinsu kuwa ya sha bamban ƙwarai. Idan akwai cutar da kalma ɗaya ba ta isa ta bayyana abin da aka biya ba, to, ita ce.

Bari mu fara da ita cutar. Ƙoda biyu ne ke tace jinin mutum, su fitar da dattinsa cikin fitsari. Fitsarin yakan bi ta wani siririn bututu daga kowace ƙoda ya gangara mafitsara. Tsawon bututun nan wajen santimita 25 zuwa 30 ne, faɗin cikinsa kuwa milimita 3 ko 4 kaɗai. Sa'ad da ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya dunƙule, kamar yadda kuke ganin farin gishiri yana fitowa a kan kunya idan ruwan fadama ya ƙafe. Dunƙulen nan shi ne tsakuwa. Muddin tana zaune cikin ƙoda mai yiwuwa ne mutum bai ma san da ita ba. Ran da ta faɗa cikin bututun ta toshe shi, ran nan ne za ka ga ƙato yana birgima a ƙasa, ciwo ya kama kwiɓi ya gangara mara, ga amai, wani lokaci ga jini a fitsari.

Ku dubi yadda muke aiki. Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi a kwarin Rima, ga kuma filayen ban ruwa na Wurno. Albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama sun hana mu zaman banza da rani, abin godiya ne. Amma aikin yakan kai mu cikin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40. Mutum yana tsaye cikin ruwa tun safe yana shayar da albasa, shi kansa kuwa bai sha cikin moɗa biyu ba. Gumi ya kwashe ruwan jikinsa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Wannan shi ne ainihin yanayin da tsakuwa ke so. Wadda ta taɓa kama mutum kuma ba ta cika rabuwa da shi ba: wajen rabin waɗanda suka yi ta sukan sake yi cikin shekara 5 zuwa 10.

Girman tsakuwa da wurin da ta tsaya su ne ke yanke irin maganin da za a yi. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar dawa, galibi takan fita da kanta cikin 'yan makonni, da shan ruwa da maganin ciwo da kulawar likita. Wadda ta wuce milimita 10, kamar ƙwayar gyaɗa, da wuya ta fita sai an taimaka mata. Akwai na'urar da ke farfasa tsakuwa daga waje ba tare da an yanka fata ba, wadda aka fara yi wa mutum aiki da ita a birnin Munik na Jamus a 1980. Akwai zura siririn madubi ta hanyar fitsari har a kai ga tsakuwar, a kamo ta ko a farfasa ta da hasken lesa. Akwai huda ƙaramin rami ta baya a shiga cikin ƙoda a kwaso manyan tsakuwoyi, hanyar da likitocin ƙasar Suwidin suka bayyana a 1976. Akwai kuma tsohuwar hanya, wato a yanka a buɗe a ciro, wadda har yanzu ake yi a inda babu waɗancan kayan aiki. Kowace hanya da kayanta, da kwanakin da za a yi a gado, da makonnin da mutum zai yi bai riƙe fartanya ba. Mu kuwa a ƙauye dukansu suna ɗaya muke ba su: "an yi masa aiki."

To, masu aikin asibiti ba haka suke yi a tsakaninsu ba. Suna da lambobi, kamar dai lambobin buhun taki. Tun 1893 wani Bafaranshe mai suna Jacques Bertillon ya tsara jerin cututtukan da ke kashe mutane, domin ƙasashe su riƙa ƙirga abu ɗaya da suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948. Bugu na goma na wannan jeri, wanda ake kira ICD-10, an fara aiki da shi a 1994. Bugu na goma sha ɗaya ya fara aiki a Janairun 2022, ƙasashe kuwa suna komawa kansa sannu-sannu, saboda haka lambobin na goma ne za ku fi gani a takardu. A cikinsa, N20.0 tana nufin tsakuwa a cikin ƙoda. N20.1 tsakuwa ce a cikin bututun da ke gangarowa daga ƙoda. N20.2 kuwa a duka biyun. N21.0 tsakuwa ce a mafitsara, irin wadda takan kama yara maza da tsofaffi masu wahalar fitsari. N23 ita ce ciwon murɗar ƙoda wanda ba a tantance dalilinsa ba tukuna.

Kada wani ya ce wannan karatun likitoci ne, ba ruwan manomi. Ga amfaninsa a gare mu. A ƙasar fadama irin tamu, idan mutum ya ga jini a fitsarinsa, abin da kowa zai ce shi ne tsargiya, gama mun saba da ita a wurin yaran da ke wanka a kududdufi da magudanan ban ruwa. Tsargiyar mafitsara tana da tata lambar dabam, B65.0, maganinta kuwa ƙwayoyi ne masu araha, waɗanda akan raba kyauta a makarantu. Idan takardar ɗan'uwa ta ce B65.0, kuɗin da ake nema kuwa na sayar da shanu ne, ai sai a tambaya. Idan ta ce N20.1, mun san ƙwayoyin tsargiya ba za su buɗe bututun da ya toshe ba, ko da ya sha kwali guda. Idan ta ce N23, mun san ba a gano tsakuwar ba tukuna, sai a nemi hoton ciki kafin a yi maganar wuƙa. Harafi ɗaya da 'yan lambobi sun gaya wa magatakardan ƙungiya abin da maras lafiya, cikin zafin ciwo, bai iya riƙewa ba.

Waɗannan lambobin cuta ne. Akwai kuma lambobin aiki, su ne suka fi shafar aljihu. A Amurka ne aka fi zurfafa wannan. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta fitar da littafin lambobin aiki mai suna CPT tun 1966, kowane aiki da lambarsa mai alƙaluma biyar, kamfanonin inshora kuwa ba sa biyan likita sai ya rubuta ta. Farfasa tsakuwa da na'ura daga waje, 50590. Shiga da madubi a kamo tsakuwa, 52352. Shiga da madubi a farfasa ta, 52353. Huda baya a kwaso ta, 50080 idan mai sauƙi ce, 50081 idan babba ce mai wuyar sha'ani. Ba na faɗin waɗannan domin ku haddace su. Abin da nake so ku lura da shi yana cikin wasu lambobi biyu. Sau da yawa bayan an farfasa tsakuwa, likita yakan bar wani siririn bututun roba a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, domin hanyar ta zauna a buɗe har kumburi ya sace. Sa robar nan ita kaɗai tana da lambarta, 52332. Amma idan a zama ɗaya aka farfasa tsakuwa aka kuma sa roba a gefe ɗaya, ba a yarda a rubuta lambobi biyu a karɓi kuɗi biyu ba. Akwai lamba ɗaya da ta haɗa su, 52356. Tun 1996 gwamnatin Amurka take da ƙa'idodin da ke kama wanda ya yanyanka aiki ɗaya gida-gida domin kuɗi ya yi yawa. Kamar dai mai tarakta ne ya karɓi kuɗin huɗar gona, sa'an nan ya ce sai ka biya kuɗin juyawar da ya yi a ƙarshen kowace kunya.

Maganar robar nan ita ce ta fi damuna, ita ce ma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Robar ba ta zama a jiki har abada. Likita yakan sa ranar ciro ta, galibi bayan 'yan makonni. Ciro ta aiki ne na dabam, da lambarsa dabam, sau da yawa da kuɗinsa dabam. Idan aka manta da ita wata da watanni, gishirin fitsari yakan manne a jikinta, ta zama ita kanta uwar tsakuwa, ta jawo ƙwayoyin cuta, har ta iya lalata ƙodar da aka so a ceta. Likitocin mafitsara a ƙasashe da yawa sun yi rubutu a kan wannan matsala ta robar da aka manta. Na san wani ɗan'uwa cikin ƙungiyoyinmu, mai noman albasa, wanda aka yi wa aiki a wani asibiti na birni. Ya dawo gida lafiya, ya koma fadama. Ya ce an gaya masa ya dawo, shi kuwa ya ɗauka dawowar gaisuwa ce, irin ta a duba a ce sannu. Tun da ciwo ya tafi, kuɗin mota kuma ba shi da sauƙi, sai ya zauna. Bayan damina ta wuce fitsari ya soma yi masa zafi, ga zazzaɓi. Da aka ɗauki hoto, sai ga roba a ciki. Aiki na biyu ya fi na fari wuya da tsada. Na ga rasitinsa na fari da idona. Kalma biyu ce a kai, da jimla. Da an rubuta layi ɗaya cewa an sa roba, za a ciro ta ran kaza, kuɗinta kaza, da magatakardan ƙungiyarsa ya gani ya tashe shi tun kafin shuka.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce lambobi ba su sa magani ya yi araha a Amurka ba. Gaskiya ne, babu ƙasar da ke kashe kuɗi a kan lafiyar mutum ɗaya kamar Amurka, akwai kuma dubban ma'aikata can da ba su da aikin yi sai cika lambobi da jayayya a kansu. Marasa gaskiya ma sun koyi rubuta lambar babban aiki a kan ƙarami. Ba na roƙon a kawo mana wannan jidali. Likita ɗaya da ke duban layin mutane tun safe har la'asar a babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da lokacin cika littattafai. Amma tsakanin littafi mai dubban lambobi da takarda mai kalma ɗaya akwai fili mai faɗi. Layi bakwai ko takwas sun isa: kati, hoton ciki, gwajin jini da fitsari, aikin kansa da sunansa, allurar barci, gado kwana nawa, magani, roba idan an sa. Akawun da ke karɓar kuɗi ya riga ya san waɗannan, gama da su ya haɗa jimlar. Abin da muke nema kawai shi ne ya juyo mana da takardar mu gani.

Wasu kuma za su ce rashin kunya ne ka tambayi wanda ke ƙoƙarin ceton ranka. Wannan ya fi ƙarfi a zukatanmu, na sani. An rene mu da girmama likita da malami, ba na so mu yar da wannan. Amma ku tuna, ma'ajin ƙungiyarmu mutumin kirki ne, dukanmu mun yarda da shi, duk da haka kowace shekara mukan sa ya karanta lissafi a gaban taro. Ba domin muna zarginsa ba ne. Lissafin shi ne ke tsare sunansa. Haka yake ga ma'aikacin asibiti mai gaskiya. Takarda bayyananna tana raba shi da ɗan kamashon da ke tsaye a bakin ƙofa yana cewa a ba shi kuɗi zai shigar da kai wurin likita, tana kuma kashe zancen da ke yawo a ƙauye cewa asibiti wurin cin kuɗi ne, zancen da ke tura mutane wurin mai sayar da magani a kan tire.

Ba ma alfarma muke roƙo ba, doka ta riga ta ba mu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ce ma'aikacin lafiya ya sanar da maras lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin gwaji da na magani da ake da su, da amfanin kowace hanya da hatsarinta da kuɗinta, ya kuma yi masa bayani da harshen da yake ji. Wato da Hausa, ko da Fulatanci, ko da Zabarmanci. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, wadda hukumar kare masu saye ta shirya, a cikinta kuwa akwai haƙƙin a bayyana wa mutum lissafin kuɗinsa a fili ba ɓoye-ɓoye. Ko a Amurka sai a Janairun 2022 doka ta tilasta a ba wanda zai biya daga aljihunsa ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki, ta kuma ba shi damar ƙara idan abin da aka caje shi ya wuce ƙiyasin da dala 400 ko fiye. Mu tamu dokar ta faɗi maganar kuɗi fiye da shekara bakwai kafin wannan. Ba ta dai iso ƙauye ba, domin ba wanda ya ɗauko ta.

Sai maganar inshorar lafiya, wadda ake ta yi mana wa'azinta a rediyo. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. An kafa shirin inshora na ƙasa da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarsa. A Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Jihar Sakkwato tana da tata hukumar, SOCHEMA. Ina goyon bayan ƙungiyoyinmu su je su ji yadda za su shiga a ƙungiyance. Amma ku je da ido a buɗe. A irin wannan tsari ƙaramin asibiti ne ke duba ka da fari. Idan abin ya fi ƙarfinsa, sai ya tura ka babban asibiti, kafin a yi maka babban aiki kuwa sai masu inshora sun ba da lambar izini, su kuma ba sa bayarwa sai an gaya musu sunan cuta da sunan aiki. Bayan haka su biya bisa jerin farashin da aka tsara. Kun ga lamba ta sake dawowa. Ba kowane abu ne kuma inshora ke ɗauka duka ba. A ƙa'idodin shirin ƙasa na 2012, alal misali, rabin kuɗin babban hoton nan na siti-sikan kaɗai ake biya wa mutum, shi kuwa wannan hoto shi ne ya fi kowanne nuna tsakuwa. Saboda haka idan wakilanmu suka zauna da jami'an inshora, kada su tambaya ko ana maganin ciwon ƙoda, gama za a ce musu i. Su tambaya dalla-dalla: idan ɗanmu ya zo da N20.1, hoton ciki yana ciki? Shiga da madubi yana ciki, ko yankan buɗewa kaɗai? Ciro roba fa? A wane asibiti, a nan kusa ko sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato? A rubuta amsar, jami'i ya sa hannu.

Akwai wani dalili kuma da manomi ne kaɗai zai gane shi sosai. Lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Wanda ya iya adana tasa a rudu har wajen ƙarshen shekara shi ne ke cin riba. Wanda ciwo ya kama a Afrilu, aka ce ya kawo kuɗi ba a faɗa masa iyakarsu ba, sai ya kwashe albasar duka ya zubar wa dillali, ya haɗa da tunkiya, don tsoron kada kuɗi su yanke a tsakiyar jinya. Rashin sanin jimla ya ci masa fiye da abin da asibiti ya ci. Da yana da ƙiyasi a rubuce, da ƙungiya ta ranta masa daidai abin da ake bukata, ta riƙe albasarsa jingina, ta sayar sa'ad da kasuwa ta tashi, ta ɗebe nata ta ba shi saura. Ba ma iya yin wannan a kan "ku dai kawo abin da ya samu."

Abin da nake ba da shawara ƙungiyoyi su yi ba mai wuya ba ne. Yawancinmu muna da ɗan asusun taimakon juna, ko adashi, ko abin da akan tara idan wani ya kwanta. A sa doka cewa kuɗi ba za su fita daga asusun domin babban aikin asibiti ba sai an kawo takardar ƙiyasi mai sunan cuta da sunan aiki, in ya yiwu da lambarsu. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai karatu, mai sanyin baki, namiji ko mace, wanda zai riƙa raka marasa lafiyarta. Maras lafiya ba ya iya ciniki, matarsa ko mijinta kuma hankali a tashe yake. Shi ɗan rakiyan ne zai gai da likita da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙungiyarmu ce za ta biya, dokarmu kuwa sai da takarda. A taimaka a rubuta mana." A ganina yawancin ma'aikata ba za su ƙi wannan ba, gama ya nuna musu kuɗin za su fito. Kafin a baro asibiti kuma ya yi tambaya ɗaya wadda ba a tsallakewa: an bar wani abu a ciki? In an bari, yaushe za a ciro?

Sa'an nan magatakarda ya buɗe littafi, irin na kwas ɗin nan mai bango mai tauri. Kada ya rubuta sunan mutum, gama ciwon mutum sirrinsa ne, lambar ɗan ƙungiya ta isa. Ya rubuta wata da shekara, da lambar cuta, da aikin da aka yi, da asibiti, da kuɗin kowane layi. Bayan shekara biyu ko uku, idan ƙungiyoyin Wurno da Rabah da Goronyo suka haɗa littattafansu a taron shekara, za mu san abin da ba mu sani ba yau: mutum nawa cikinmu tsakuwa ke kamawa, a wane wata, nawa ne kuɗin kowace hanya a wurare dabam-dabam, nawa ya kamata kowa ya riƙa zubawa a asusu. Da wannan littafi a hannu za mu zauna da jami'an inshora ko shugaban asibiti mu yi magana kamar masu saye da yawa, yadda muke yi sa'ad da muka haɗa kuɗi muka sayi taki mota guda.

Wuri ɗaya ne dokar takarda ba za ta yi aiki ba, ina so kowa ya riƙe shi. Idan ciwon kwiɓi ya zo tare da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ko amai ya hana mutum riƙe ko da ruwa, ko kuwa mace mai ciki ce, ko mai ƙoda ɗaya, to, ba a jiran taro, ba a jiran ƙiyasi. Toshewa da ƙwayoyin cuta idan suka haɗu suna iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. A ba ma'aji da shugaba iko su fitar da kuɗi nan take, takarda ta biyo baya. Dokar nan ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Tun da yake kuma hanyoyinmu na gabashin Sakkwato ba su da daɗin bi da dare a shekarun nan saboda 'yan bindiga, wanda ciwo ya soma yi masa da rana kada ya ce bari ya ga abin da dare zai yi. Kada kuma ya yi ta haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo na kanti kwana da kwanaki. Suna ɓoye ciwon, ga wanda jikinsa ya bushe kuma suna iya raunana ƙodar kanta.

Game da hana ta zuwa, maganar gajera ce. Likitoci suna so wanda ya taɓa yin tsakuwa ya sha ruwan da zai sa ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2 da rabi a yini. Ga mai aiki a fadama cikin Afrilu wannan yana nufin shan abin da ya fi haka nesa, domin gumi yana kwashe rabonsa tun kafin ƙoda ta samu. Ba sai ka auna ba, dubi launin fitsarinka: in ya yi duhu, ba ka sha isasshe ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, a matsa lemun tsami a ruwan sha in akwai. Ruwan kuwa ya zama na rijiyar burtsatse ko tafasasshe, ba na magudanar ban ruwa ba. Ƙungiyar da ke fita aikin gayya ta sa jarkar ruwan sha cikin kayan aiki, a ɗora wa mutum ɗaya alhakinta kamar yadda ake ɗora wa wani alhakin man injin.

Waɗanda aka taɓa yi musu aikin tsakuwa, ko aka yi wa wani nasu, ina roƙo su binciko tsofaffin takardunsu a cikin akwati ko ƙarƙashin katifa, su kawo wa magatakarda a taro mai zuwa, ko da kalma ɗaya ce a kai. Da su za a buɗe shafin farko na littafin. Wanda kuma bai tabbata ko an ciro masa roba ba, kada ya jira taro, ya koma asibitin da aka yi masa aikin cikin makon nan ya ce a duba katinsa.